Mma Sala da Makon Baƙi a Gidan Dakta

Sunana Lami, kuma shekara goma sha shida ke nan ina dama koko ina soya ƙosai a ƙofar asibitin Dakta Abdulmajeed da ke unguwar Maamobi a birnin Accra. Saboda haka in ana maganar Mma Sala a bar ni in yi bayani, don sauran mutane ji suka yi, ni kuwa a kan idona aka yi komai, har da hannuna a ciki. Asibitin ba wani babba ba ne, ɗaki biyar ne da baranda mai benci huɗu, mu dai Gidan Dakta muke ce masa. Likita ɗaya, nas biyu, mai ba da magani ɗaya, sai Mma Sala da ba wanda zai iya faɗa maka sunan aikinta. A takarda an rubuta mai shara. To mai shara ce ke buɗe ƙofa tun rana ba ta fito ba? Mai shara ce ke ba da kati, ta tsara layi, ta tsawata wa wanda ya tsallake na gabansa, ta shiga ta yi wa Dakta tafinta da Twi ko Ga ko Zabarmanci? Ita ke yin wannan duka, sannan ta ɗauki tsintsiya.

A Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, aka haife ta. Ubanta farken goro ne da ya zo daga Sakkwato ya ƙi komawa, uwarta 'yar ƙabilar Kotokoli. Ta auri Issah mai sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, Allah ya ba su ɗa, Zakaria. Yana da shekara biyu zazzaɓi ya kama shi ya soma sanƙarewa, ta rungume shi ta faɗa tasi za ta babban asibiti, cunkoson motoci ya riƙe su a hanya, a cinyarta ya cika. Bayan shekara biyu da wannan, Dakta ya gama karatu ya dawo unguwa, don ɗanmu ne, kowa ya san uwarsa da sayar da tuwo, ya kama gidan nan ya buɗe. Ran farko Sala ta zo da tsintsiyarta ta share. Kashegari ta sake zuwa. A kwana na uku Dakta ya tambayi nas wa ya ɗauki matar nan aiki, nas ta ce ita da ta zaci shi ne. Da ya kira ta, sai ta ce ba wanda ya ɗauke ta, ta dai ga wurin da uwa za ta iya kawo ɗanta a guje da ƙafa, kuma ba ta so ta ga ƙura a cikinsa. Shekara ashirin da biyu ke nan. Issah ya rasu, 'yarta ɗaya ta yi aure ta tafi Kumasi, Gidan Dakta ya zame mata gida na gaske, ɗakinta kuwa wurin ajiye haƙarƙari.

Akwai wani halinta da ya kamata a sani. Duk wani suna ko aure a layinmu, ita ce uwar biki. Ita ke sanin wa zai zauna a kujera wa zai zauna a tabarma, kuma kafin dangin ango su iso, sai ta sa an kwashe tsofaffin bokitai, an ɗaure akuya a baya, an saukar da shanya, an kai yara masu majina gidan maƙwabta. Takan ce baƙo ba ya ganin tsummanka, ko da shi ma tsumma ya baro a gida. Mu 'yan zongo, wato unguwar baƙi 'yan arewa, haka muke, kuma ban ga laifinsa ba. Mutanen gari sun daɗe suna toshe hanci in an ambaci Nima da Maamobi, shi ya sa rufin asiri ya zame mana kamar tufa.

Bara waccan masu duba asibitoci suka faɗo mana ba sallama, ranar Litinin da safe, lokacin da baranda ta cika har bakin teburina. Famfo ba ruwa, akwatin zuba allura ya cika ya tumbatsa, ɗakin wanke ciwo yana tashi da wari. Suka duba, suka rubuta, suka tafi. Da takarda ta zo, tauraro biyu suka ba mu cikin biyar. Yadda Dakta ya bayyana wa ma'aikatansa, ni kuma na ji ta taga, in aka dawo ba a kai uku ba, za a daina karɓar katin inshorar lafiya a wurin, lasisin ma sai an yi da gaske. Cikin mutum goma da ke zuwa Gidan Dakta, tara da katin suke zuwa. Ba sai an yi maka dogon bayani ba, rufewa ke nan. Ga wani ƙaramin asibiti can gefen Nima da haka ta same shi, yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Dakta ya yi abin da ya dace, kar a ci haƙƙinsa. Ya sa tankin ruwa, ya sayi bokitan shara masu launi uku, aka yi fenti, aka buɗe littafi ga kowane ɗaki, duk wanda aka taɓa sai an rubuta. Mma Sala kuwa ta rame. Mace mai shan koko biyu da ƙosai shida ta koma rabin kofi. Ta goge benci ta dawo ta sake gogewa, ta tsaya tana shinshina iska kamar mai neman mushen ɓera. Sau nawa ta zo ta tsugunna kusa da kaskona ta ce, Lami, in aka rufe wurin nan ina za a kai yara? Ba ta taɓa cewa ina za ta sami aiki ba, kullum yara take faɗa.

Sai ga wasiƙa: masu duba za su dawo tsakanin Litinin da Juma'a na mako mai zuwa, amma ba su faɗi rana ba. Ka ji mugunta. Mutum ya ce zai zo gidanka, ya bar ka kwana biyar da tukunya a kan wuta.

Ranar Lahadi bayan la'asar Mma Sala ta tara mu a tsakar gidanmu, mu mata goma sha ɗaya. Ta ce ta yi tunani, abin da ya kunyata mu wancan karo abu biyu ne, cunkoso da wari. Don haka mai ɗan tari da mai ciwon baya su yi haƙuri su zauna gida har baƙi su wuce. Amma kuma kar a bar wurin wayam a ce ba a zuwa, sai wasu daga cikinmu su yi wanka su sa kayan fita su zo su zauna, in an tambaye su su faɗi alheri. Dakta kuwa kar ya ji, don ba zai yarda ba. Duk muka ce madalla, aka fara gardamar wa za ta sa leshi wa za ta sa atamfa, kai ka ce ɗaurin aure ne. Ana cikin haka na buɗe bakin nan nawa na ce, to Baba Ishawu fa?

Allah ya gani, ba don asibiti kaɗai na faɗa ba. Baba Ishawu dattijo ne mutumin Nijar, ya shigo Accra a bayan motar albasa shekara arba'in da suka wuce, ya yi dako a kasuwar Agbogbloshie har bayansa ya ƙi. Ba mata, ba ɗa a kusa. Yana da ciwon sukari, sai ƙusa ta soke shi a tafin ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa. Mako biyar kullum ƙarfe bakwai yana dogara sanda ya zo Nas Shifa ta wanke masa ta ɗaure, kuma Dakta ya ja masa kunne kar ya tsallake ko kwana ɗaya. Mutum ne mai ladabi, in ya gaishe ka da Hausarsa cikakkiya sai ka ji kunyar taka ta zongo. Amma ƙafar tana wari, kuma in ya zauna a ƙarshen benci yana shan kokonsa marar sukari, masu saye sukan ja baya. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, sai na samu ranar faɗa.

Mma Sala ta ce ai kwana ɗaya ne ko biyu, waɗannan mutane Litinin suke son zuwa. Ta shiga kantin magani ta sayi auduga da bandeji da ruwan wanke ciwo, muka tsallaka Nima tare. Muka same shi a ƙofar ɗakinsa na katako a bayan wani masallaci. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi ta kewaye-kewaye, baƙi ne za su zo, manya ne, wurin zai yi hayaniya, kar a wahalar da shi. Tun ba ta kai ƙarshe ba ya gane. Ya dubi ƙafarsa, ya karɓi ledar da hannu biyu.

"Mma, gidan da ya rufa mini asiri, ba ni zan tona nasa ba," in ji shi. "In sun tafi a aiko mini."

Ta yi masa alkawarin ita da kanta za ta zo ta faɗa masa.

Litinin ta zo, mata suka hallara suna ƙamshin turare, suka zauna suna fifita da katin asibiti har azahar. Ba baƙi. Nas Shifa ta leƙo sau biyu tana tambayar Baba Ishawu, Mma Sala ta ce wataƙila gobe, ta juya ta ci gaba da goge ƙofar da ta riga ta goge. Dakta kansa ya rasa gane abin da ke faruwa. Ya ce bai taɓa ganin Litinin mai lafiya irin wannan ba. Wata Hajiya ta shiga ta ce masa kanta ke ciwo, da ya ce ta nuna wurin sai ta manta ta dafa gwiwa.

Talata wata farar mota ta tsaya, kowa ya miƙe tsaye, ni har ƙosaina ya ƙone. Ashe masu tallar magani ne. Da aka tashi aiki Mma Sala ta ɗauki tuwo ta kai wa Baba Ishawu. Ta bayan labule ya amsa mata, ya ce da sauƙi, yana wankewa yadda ya ga ana yi. Mutumin nan ko mutuwa yake yi da sauƙi zai ce, kuma mace ba za ta ɗaga labulen dattijo ta ce buɗe in gani ba. Ta dawo ta same ni ina jiƙa gero, ta tsaya a kaina ta ce warin ya canja, ba irin na da ba ne, gobe za ta ce masa ya zo kawai. Na ce haba Yaya, an ci kwana biyu, in ya zo goben suka faɗo fa? A zubar da wahalar shekara guda saboda kwana ɗaya? Ta dube ni kamar za ta yi kuka, ta ce to. Ni na ce mata haka, ban ɗora wa kowa ba.

Laraba ma shiru. Matan leshi suka ragu zuwa shida, sauran sun ce suna da sana'a. Dakta ya aiki Mma Sala unguwar Adabraka karɓo wasu allunan sanarwa da aka buga, motar haya ta riƙe ta a hanya, ba ta dawo ba sai da aka yi sallar magariba. Ta aika wa Baba Ishawu da abinci ta hannun wata maƙwabciyarsa, aka dawo mata da kwanon Talata ba a taɓa ba. Daren nan ko ruwa ban ga ta sha ba. Da za ta kulle ƙofa, makulli ya faɗi mata sau biyu.

Alhamis ƙarfe tara suka iso, su uku, maza biyu da wata mace mai tabarau wadda ita ce babbarsu, suna ce mata Madam. 'Yar Ga ce, sa'ar Mma Sala, fuskar nan ba annuri. Aka ba ta ruwa ta ce ta gode, ba ta taɓa ba. Suka murɗa kowane famfo, suka buɗe bokitan shara, suka ɗaga kwalaben magani suna duba ranar lalacewa, ɗaya har ya shafa yatsa a saman kabad. Duk inda suka sa hannu, tsaf suka same shi. Madam ta tsaya a baranda ta kalli matanmu da gwaggwaronsu, ta tambayi ɗaya me ya kawo ta. Kafin ta rufe baki matar ta fara zuba yabo, Dakta uba ne, nas-nas 'yan aljanna ne. Madam ta dube ta ta saman tabarau, ba ta rubuta komai ba.

Daga nan ta shiga ɗakin wanke ciwo, wanda tagarsa ke daidai bayan teburina, ta ja kujera ta buɗe littafin. Ta yi ta juya shafi a hankali, sai ta tsaya ta ɗora yatsa. Da Turanci ta yi maganar, amma wannan kam ko ni na ji. Ta ce ga mutum ya zo kwana talatin da huɗu a jere, mai ciwon sukari, ciwo a ƙafa, daga Litinin kuma layinsa ba komai. Ya warke ne? An tura shi wani asibiti? Ya mutu? Wa ya bi sawunsa? Nas Shifa, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta ce ita ma tana ta cigiya, amma mutanen Nijar sukan tashi su tafi gida ba sallama, wataƙila tafiya ya yi. Madam ta ce in tafiya ya yi, a rubuta haka a sa hannu, a wuce wurin. Ta miƙa mata biro.

Mma Sala tana tsaye a bakin ƙofa da tsumman goge ƙasa. Ta taga na kafa mata ido, na girgiza kai, na cije leɓe, duk wata alama da mace ke yi wa 'yar'uwarta na yi. Layi ɗaya ne fa za a rubuta, shi ke nan an tsira, da yamma a je a ɗauko dattijo a wanke masa. Ta gan ni sarai. Nas Shifa ta ɗora biro a kan takarda. Sai Mma Sala ta ajiye tsumman ta yi magana da Ga, murya ƙasa-ƙasa.

"Bai yi tafiya ba. Ni na hana shi zuwa, saboda ku."

Ni dai na ce innalillahi a raina, na ga Gidan Dakta cike da wayoyi. Dakta yana tsaye a bayan Madam, bai ko kalli baƙin ba, ya tambayi Mma Sala da Hausa kwana nawa. Ta ce yau huɗu. Ya shiga ofis ya ɗauko jakarsa, ya ce wa Nas Shifa ta biyo shi da kayan aiki, ya ce wa Mma Sala ta wuce gaba. Ya bar masu duba asibiti a zaune cikin asibitinsa. Madam ta rufe littafin, ta ce wa mazan su ci gaba, ta ɗauki jakarta ta bi bayansu. Ni ma na sauke kasko na bi, ban ma tuna na rufe kokon ba.

Duk abin da muka kwana biyar muna ɓoyewa, a wannan tafiyar Madam ta gan shi. Muka tsallaka titi, muka shiga lungunan Nima da mutum biyu ba sa jerawa, muka bi ta kan katakon da aka ɗora a bisa kwata, ta ƙarƙashin shanya, ta gefen masu tuƙa tuwo. Takalminta mai tsini ya nutse a taɓo, ta zare ta ci gaba. Lallai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun daga kwanar masallaci muka ji warin, kuma Mma Sala ta yi gaskiya, ba irin na da ba ne.

Dakta ya yi sallama ya ɗaga labule. Baba Ishawu yana kwance a tabarma, jiki ya yi zafi rau, leɓe ya bushe, ƙafar ta kumbura ta yi baƙi har idon sawu. Ledar bandeji tana gefensa, ya yi ta ƙoƙari shi kaɗai da idonsa da ba ya gani sosai. Da ya hangi baƙuwar fuska da katin aiki a wuya, sai ya yunƙura yana jawo zane ya rufe ƙafar, yana neman Mma Sala da ido.

"Mma, ban fito ba fa," ya ce. "Ko masallaci ban je ba."

Ban san Madam tana jin Hausa ko ba ta ji ba, amma na ga ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Dakta ya duba minti biyu kawai ya ce wannan ya fi ƙarfin asibitinsa. Aka kira maza daga masallaci suka ɗauke shi a tabarmar har bakin titi. Madam ta buga waya motarsu ta zo, a ciki aka kai shi babban asibiti, Dakta na riƙe da kan dattijon.

Madam ta dawo ta ƙarasa aikinta kamar ba abin da ya faru. Matan leshi kuwa tuni sun sulale ɗaya bayan ɗaya. Ta kira Mma Sala ofis ta rufe ƙofa, rabin awa tana tambaya tana rubutu. Mma Sala ta faɗa mata komai, taron Lahadi, masu tari da aka tsare a gida, kayan fita, duka. Abu ɗaya ta ɓoye, ba ta ce Lami ce ta fara ambaton sunan dattijon ba. Da suka tashi tafiya ba su ce an ci ba, ba su ce an faɗi ba, sai dai a saurari takarda.

Dakta bai yi wa Mma Sala faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Kwana biyu ba ya ce mata komai sai na aiki. A rana ta uku ta kai masa makullai ta ajiye a tebur. Ya tura mata abinta, ya ce in za a rufe asibiti don marar lafiya yana wari, to gara a rufe, don ba kantin turare ya buɗe ba. Ya ce ta ɗauki makullanta, gobe akwai aiki. Ta fito tana share ido da gefen mayafi.

Unguwa kuwa ta ɗauka. Kaɗan ne suka zarge ta don ta tsare dattijo a ɗaki, mafi yawa haushinsu don ta yi magana. Waɗanda suka sha gwaggwaro suka zauna a benci, su ne kan gaba wajen cewa tsufa ya fara taɓa ta, ta kashe wa mutane asibiti da bakinta. Wata ta faɗa a gaban teburina, na ce mata ta ajiye mini kofina ta ɓace kafin in watsa mata ruwan zafi. Amma ni ma a cikina abin da nake tunani ke nan, sai dai ba na so wani ya faɗa. Duk babur da ya tsaya a ƙofa sai na miƙe in ga ko wasiƙa ce. Iyaye mata suna zuwa da goyo suna tambaya ta a ɓoye ko gaskiya ne wata mai zuwa za a daina karɓar kati.

An yanke wa Baba Ishawu ƙafar, ƙasa da gwiwa. Likitocin can sun ce ciwon dama ya yi nisa, ba wanda zai rantse cewa kwana huɗun ne suka ci ta. Dakta ya maimaita wa Mma Sala wannan har sau biyu, ta ce ta ji. Kullum in ta tashi aiki sai ta hau mota biyu ta kai masa abinci marar sukari, ta kwaso kayansa ta wanke, ta mayar. Ba ta ƙara tambayar kowa zancen taurari ba.

Mako uku cif takarda ta zo, wata Alhamis da la'asar. Tauraro uku. Da ƙyar, in ji Dakta, kuma da dogon shafi na sharuɗɗa, har da sakin layi guda a kan abin da ya faru, ba a ɓoye komai ba. Yadda suka yi lissafinsu ni ban sani ba, kar a tambaye ni. Baranda ta kaure da guɗa, mai ba da magani ya yi sujada a kan siminti, waɗanda suka zage ta jiya suka hau neman Mma Sala su rungume ta. Ita kuwa ta riga ta tafi kai abinci. Na ce wannan albishir ba na waya ba ne, na ɗaura mayafi na bi ta.

Na same ta a gefen gadonsa tana ninke masa riga. Ya rame, amma idonsa ya washe, zane ya kwanta shafe a inda ƙafar take a da. Ban ko gama gaisuwa ba na ce Yaya, an ba mu uku, ba za a rufe ba. Ta tsaya da rigar a hannu, ba ta yi murmushi ba. Baba Ishawu ne ya ɗaga hannu biyu sama, fuskarsa ta cika da murna ta gaskiya, ba ta ladabi ba.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Ashe zaman da na yi a ɗaki ya yi amfani."

Mma Sala ta ajiye rigar a hankali ta fita. Na bi ta na same ta zaune a matakala, ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta na rawa, ba sauti. Na zauna kusa da ita. Muna nan sai ga wata nas ta leƙo ta ce dattijon yana tambaya ko Mma ta tafi ne, wai bai gama yi mata barka ba. Ta goge fuska da mayafi, ta miƙe ta koma ciki.